"In babu Ista, Kirsimetinku banza ce": yadda aka kwashe a zauren tsofaffin 'yan zumuntar matasa

Istifanus: Salama gare ku 'yan'uwa. Yau sai na amayar da abin da ke cikina, wanda zai ji haushi ya ji. Jiya Lahadin Ista na tsaya a bayan majami'a ina ƙirga benci, rabi babu kowa. Mako biyu ina koya wa yaran makarantar Lahadi wasan kabari, har farin zane na aro wa mala'ika, iyayensu ma ba su zo kallo ba. Amma ranar Kirsimeti sai da aka aro kujeru, aka yanka sa, kowa da ankonsa, waɗanda ba ma gani sai shekara shekara su ne a sahun gaba. Wai mun san abin da muke bi kuwa? Bulus ya faɗa a 1 Korintiyawa 15:14 cewa in ba a ta da Almasihu ba, wa'azinmu banza ne, bangaskiyarku ma banza ce. To ni na ƙara nawa: in babu Ista, Kirsimetinku banza ce.

Mama Rifkatu: Banza? Haihuwar Mai Ceto ce banza? Istifanus, ɗana, ka janye wannan kalma tun da sauran mutunci.

Dauda: Mama, ki sake karantawa. Cewa ya yi IN BABU Ista.

Mama Rifkatu: Na karanta sarai, ba a bakinka na koyi karatu ba. Mu 'yan zumuntar mata da muka kwana a bakin murhu muna dafa wa jama'a shinkafa, hayaƙi na cin idonmu, ashe aikin banza muka yi?

Ɗanjuma: To fa. An taɓa tukunya.

Istifanus: Ba ni na ƙago kalmar ba, Mama. A Littafi Mai Tsarki take.

Mama Rifkatu: Bulus manzo ne. Kai fa? Kuma nuna mini inda Bulus ya ambaci Kirsimeti.

Haruna: Mama kin yi gaskiya, bai ambata ba, domin a zamaninsa babu ita. Shaida mafi tsufa ta bikin 25 ga Disamba daga birnin Roma ta fito, ta shekarar 336. Ista kuwa tun ƙarni na 2 ikilisiyoyi ke gardamar ranar da za a yi ta, har babban taron shugabannin ikilisiya da aka yi a Nikiya a shekarar 325 ya sa baki. Ku duba bishara huɗun nan ma. Matiyu da Luka ne kaɗai suka ba da labarin haihuwa. Markus da Yohanna ba su kai mu komin dabbobi ba, amma duka huɗun sun kai mu bakin kabarin da aka tarar babu gawa. Batun kalmar kuma, a Helenanci Bulus ya ce kenos a aya 14, wato fanko, kamar buhun da aka zazzage. A aya 17 ya sauya kalma, ya kawo wadda ke nufin abin da ba ya haifar da komai, sannan ya faɗi dalili: har yanzu kuna cikin zunubanku. Nufinsa, in Yesu ya mutu ya zauna a kabari, ba mu da shaidar cewa Allah ya karɓi hadayar. Ba zagi yake yi ba.

Mama Rifkatu: Haruna, a Hausa banza banza ce. In na ce maka ɗan banza, za ka tsaya tambayata ko da Helenanci nake nufi?

Ɗanjuma: Mama ta ci wannan zagaye, ba gardama.

Dauda: Ta ci me? An kawo mata tarihi da shekaru, ta kawo dariya.

Dattijo Ayuba: Dauda, a riƙa tauna magana. Mahaifiyarka ce a cikin Ubangiji.

Iliya: Gaisuwa daga Maraɗi. Ni ina ganin Yaya Istifanus ya ɗora wa mutane laifin da na kalanda ne. Kirsimeti bayan kaka take zuwa, rumbu cike, an sayar da wake da gyaɗa, 'yan birni sun dawo gida. Ista tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu take faɗuwa, tsakiyar bazara ke nan, zafi kamar a gasa mutum, hatsi ya ja baya, kowa na neman kuɗin taki da iri. Wa zai yi anko a Afrilu?

Istifanus: Iliya, na ce a yi anko? A zo sujada kawai na ce. Kuma in zafi ne ya hana, me ya sa yau Litinin dutsen da muke fita shaƙatawar bayan Ista, wadda muke kira zuwa Galili, ya cika maƙil? Da kuloli, da lemo, da sifika. Waɗanda ba su zo sun ji an ce ya tashi ba, su ne suka riga kowa zuwa taryensa a Galili.

Ɗanjuma: Ai an ce zai riga mu zuwa can, shi ya sa muka yi sammako. Amma tunda malamai sun hallara, ni ga tawa tambayar, wadda abokan aikina Musulmi ke yi mini kullum. Matiyu 12:40 ya ce kwana uku, dare da rana, kamar Yunusa a cikin kifi. An binne shi Jumma'a da yamma, ya tashi Lahadi da asuba. Daren Jumma'a ɗaya, daren Asabar biyu. Ina na ukun?

Haruna: Bahaushe da kwana yake ƙirga, shi ya sa abin ke yi mana nauyi. Bayahude rana yake ƙirgawa, tana fara masa daga faɗuwar rana, kuma guntun yini yini ne. Duba Esta 4:16, ta ce a yi azumi kwana uku dare da rana, sai 5:1 ta ce a rana ta uku ta shiga wurin sarki. Bulus ma a 1 Korintiyawa 15:4 rana ta uku ya ce.

Ɗanjuma: Na ji, amma lissafin bai kwanta mini ba. Wasu kuma masu bi gida gida da 'yan littattafai sun ce mini ruhu ne ya tashi, ba jiki ba.

Haruna: Luka 24:39 zuwa 43. Ya ce su taɓa shi, ruhu ba shi da nama da ƙashi, suka ba shi gasasshen kifi ya ci a gabansu.

Mama Rifkatu: Kun ga? Ko bayan tashi sai da aka nemi abinci. Amma masu girki su ne 'yan banza.

Sisiliya: Ku yi haƙuri in faɗi gaskiya ɗaya. Ku ba ku da shiri ne. Mu a Katolika daga Larabar Toka muke farawa, azumin kwana 40, kowace Jumma'a Hanyar Gicciye. Daren Asabar a hura sabuwar wuta a waje, a kunna babban kyandir, a shiga coci cikin duhu, a yi wa sababbi baftisma. Wanda bai sha rana ba, ina zai san daɗin inuwa? Ku kawai wayewar gari kuke yi ku ce ai yau Ista. Jiya mu ko wurin tsayawa babu.

Dauda: Hoto ko bidiyo, Sisiliya. Kuma a wace aya aka ce a shafa toka a goshi?

Sisiliya: A wace aya aka ce a yanka sa ranar 25 ga Disamba?

Dauda: Ni ba na kare sa. Ni ɓangaren Istifanus nake.

Sisiliya: To ai ni ma shi nake goya wa baya, ka hau ni da faɗa.

Dauda: Goyon bayan da ya zo da gori ba ma so.

Kawu Bala: Duk ku huta. Na gani a Facebook, ita kanta Ista sunan gunkin Turawa ce. Banzar ma tana can inda ba ku duba ba.

Haruna: Kawu, wannan magana daga mutum ɗaya ta samo asali, Bede, wani malamin zuhudu a Ingila a ƙarni na 8, kuma sunan Turanci yake bayani, ba bikin ba. A Helenanci Paska ake cewa, daga sunan Idin Ƙetarewa na Yahudawa. Kiristocin Habasha Fasika suke cewa.

Iliya: Mu ma a nan da Faransanci Pak ake cewa.

Kawu Bala: Wanda ya rubuta abin da na gani ma ai mai ilimi ne.

Hannatu: Ban so in yi magana ba, amma na kasa. Ni na je sujada jiya, a benci na uku nake. Ɗana ne ya ɗaura farin zanen, shi ya ce wa matan ba ya nan, ya tashi. Bara war haka muka binne babansa. A bakin kabari fasto ya karanta wannan surar da kuke ta ja, inda aka ce ana shuka jiki cikin ruɓa, a ta da shi marar ruɓa, kuma Almasihu shi ne nunan fari na waɗanda suka yi barci. Ni 'yar manomi ce. Na san in masara ɗaya ta nuna a gona, sauran suna tafe, gona ɗaya ce, iri ɗaya ne. Maƙwabciyata Musulma ta zo ta'aziyya, ta zauna da ni har kwana uku, ita ma ta gaskata da tashin alƙiyama, ta ƙarfafa ni ƙwarai. Abin da na riƙe da nawa hannun shi ne, a wurinmu an riga an fara, mutum ɗaya ya riga ya fito, aka gan shi, Bulus ya ce har fiye da 500 a lokaci ɗaya. Kirsimetin da ta wuce na ci shinkafar Mama, Allah ya saka mata, amma na koma gida na tarar da takalmansa a bakin ƙofa yadda ya bar su. Ba labarin jariri ne ya sa na iya barci a daren ba. In kabarin can yana da gawa, to nawa mijin ya tafi ke nan, ni kuma aya 19 ta same ni, mun fi kowa zama abin tausayi.

Iliya: Allah ya ta'azantar da ke, Yaya Hannatu.

Sisiliya: Amin. Allah ya raya marayu.

Mama Rifkatu: Sannu 'yata, Ubangiji ya riƙe ki. Kun ji dai, ta ci shinkafar ta yi godiya. Ba ta ce banza ba.

Dauda: Tunda an dawo kan shinkafa, ina da tambaya. Kuɗin sa da aka tara a Disamba an ce akwai ragowa. Da an ba Istifanus ko kaɗan ne, da ba sai ya yi yawon aron zane ba. Ina ragowar?

Dattijo Ayuba: Wannan ba wurin maganar ba ne.

Dauda: Ina ne wurin, Baba? Wata huɗu ke nan. Ku ne shugaban kwamitin.

Kawu Bala: Kafin ragowa, a fara tambayar wa ya tafi da kan san da ƙafafu.

Ɗanjuma: Kawu, ai kai aka gani da buhu.

Kawu Bala: Fata ce a buhun, kuma saya na yi. Yaro, ka kiyaye ni.

Istifanus: Jama'a, ni maganar tashin Almasihu na kawo.

Mama Rifkatu: Ka kawo ta da zagi. Janye kalmar tukuna.

Istifanus: In na janye, sai in janye Bulus.

Mama Rifkatu: Ka ji girman kai. Yau kuma shi ne Bulus.

Dattijo Ayuba: Ya isa haka. A matsayina na mai kula da wannan zaure, ga abin da na fahimta. Mafi yawan waɗanda suka yi magana sun yarda cewa kalmar banza ba ta dace da ranar haihuwar Ubangijinmu ba, kuma ɗanmu Haruna, wanda ya yi karatun tauhidi, ya tabbatar cewa asalin kalmar ma ba banza ba ce, fanko ce, saboda haka Istifanus ya yi kuskuren fassara. An kuma nuna cewa zafi da rashin kuɗi ne suka rage mutane jiya, ba rashin bangaskiya ba, kamar yadda Iliya ya bayyana da hikima. Babu mai musun tashin Almasihu a cikinmu, amma kowa ya san sai an haihu ake mutuwa, sai an mutu ake tashi, don haka Kirsimeti ce uwa. 'Yarmu Hannatu ma ta shaida alherin da bikin Disamba ya yi mata. Abin da 'yar'uwarmu ta Katolika ta kawo al'adarsu ce, mun ji. Batun lissafin kwana uku a kai wa fasto. Batun kuɗi kuwa kwamiti ya yi aikinsa da aminci, kuma yaran da ba su ba da ko sisi ba su daina tambayar ragowa. Istifanus zai ba iyayenmu mata haƙuri ranar Lahadi.

Haruna: Baba, da girmamawa, ba haka na ce ba.

Dauda: Na ba da dubu biyu, Baba, a hannunku. Kuma su wa ne mafi yawan? Na ƙirga, ke nan Mama da ku.

Mama Rifkatu: Istifanus, farin zanen da matarka ta aro nawa ne. A wanke shi, a goge, a dawo mini da shi kafin Laraba.

Dattijo Ayuba ya sauya tsarin zaure. Masu kula kaɗai ke iya aika saƙo.