Bas ɗina yana ƙugi, tsirkiyoyi sun yi sama: in canja mikoro ko in tara kuɗin ampili?

Ɗan Ader, Tawa:

Assalamu alaikum manyanmu. Ina da jitar bas ta hannu mai tsirkiya huɗu, babu sunan kamfani a kanta. Mikoro, wato maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi yana ɗaukar sautinsu, biyu ne: na tsakiya mai gida biyu, da dogo guda kusa da jaki, ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a gindin jitar. Matsala uku gare ta. Tana ƙugi da zarar na haɗa ta da ampili, akwatin ƙara sauti. Tsirkiyoyi sun yi nisa da wuya har yatsu na ciwo. Tun shigowar hunturu kuma bakin firet, ƴan ƙarafan da ke gicciye bisa wuyan jitar, yana yankar hannu. Ampilin da nake da shi na jita ne, wat 15. A gida nake kiɗa, sai jefi-jefi da abokai. Jikka 80 ke hannuna, kuma wani ya ce in yi odar sabbin mikoro. Mi kuka gani?

Baban Bas, Yamai:

Wa alaikumus salam ƙanena. Riƙe kuɗinka tukuna. Daga cikin uku da ka lissafa babu wadda sabon mikoro zai warkar kai tsaye, biyu ma aikin kile alan ne da magagari.

Fara da wuya. Tsirkiya huɗu suna jan sa da nauyin da ya haura kilo 70, abin da ke tare wannan ja shi ne sandar ƙarfe da ke cikinsa. Ɗaure jitar daidai, Mi La Re Sol (sunayen tsirkiyoyin, daga mai kauri zuwa siririya), ka riƙe ta yadda kake kiɗa, kada ka kwantar da ita bisa tebur. Danne tsirkiyar Mi a firet na farko, wani ya danne maka ita a na ƙarshe, ka dubi tazarar da ke tsakaninta da kan firet na 8. Ana son wajen milimita 0.3. In ba ka da ma'aunin da makanikai ke saita bawul da shi, haɗa fallen takardar fotokofi uku, kaurinsu ke nan. In tazarar ta wuce haka, wuyan ya lanƙwaso gaba, sai a matsa sandar ta hannun dama. In tsirkiyar ta kwanta bisa firet, a sassauta ta hagu.

A nan ake ɓarna, saboda haka a yi sannu. Yawancin jitocin Asiya kile mai milimita 4 ko 5 suke ci, jitocin kamfanin Fender da yawa kuma na inci ne, 3/16. Kilen da ya shiga yana rawa zai sule ramin, kuma sandar da raminta ya sule ta fi ƙarfin gyaran gida. Sassauta tsirkiyoyi kaɗan, ka fara juya sandar baya ƙiris don ka ji ko tana motsi, sannan ka matsa rubu'in zagaye kawai. Sake ɗaurewa, ka bar itacen ya zauna ƴan awoyi, ka sake aunawa. In ta cije, tsaya.

Bayan wuya sai jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a gindin jitar. Kowace tsirkiya tana da matashinta mai ƴan bis biyu. Ma'aunin da Fender ke bayarwa a firet na 17 shi ne milimita 2.4 a Mi, 2 a Sol. Katin banki kaurinsa 0.76, uku a haɗe sun ba ka kusan na Mi ke nan. Mai hannu da nauyi ya ƙara kaɗan. In ka sauke matasan har ƙasa kuma tsirkiya ba ta sauko ba, kwance bis huɗu na wuya, ka sa siririn yankin kati a ramin, ta ɓangaren da ke kallon jaki, ka mayar.

Daga nan sai gyaran murya. Kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danne ta a firet na 12 ka duba da manhajar ɗauri ta waya. In ta haura, ja matashin baya, nesa da wuya. In ta gaza, tura shi gaba. Da sabbin tsirkiyoyi ake wannan, tsofaffi ƙarya suke yi. Kuma kada ka juya jerin: wuya, tsawo, murya. Duk wanda ya fara daga ƙarshe zai yi aikin sau biyu.

Bakin firet kuwa laifin hunturu ne. Itace ya bushe ya tsuke, ƙarfe ya tsaya yadda yake. Yanzu ne lokacin gogewa, tun itacen yana a tsuke, don in damina ta sauka zai kumbura ya ɓoye su, baɗi su dawo. Liƙa salatif na takarda a gefen wuya, ka bi da ƙaramin magagari mai laushi a kwance tare da tsawon wuyan, ka tsaya da zarar ya fara cin salatif. Kada ka taɓa saman firet.

Mai Dalma, Katako:

Baban Bas ya gama da itace, ni bari in shiga wayoyi. Ƙugi ba iri ɗaya ba ne, kuma hannunka ne zai gaya maka wanne gare ka. Kunna ampili, buɗe murya, ka gwada waɗannan.

Taɓa tsirkiya. In ƙugin ya ragu, wayar mas, wato wayar ƙasa ta jitar, da ke ƙarƙashin jaki tana aiki, abin da ya rage rufin ramin wayoyi ne. In bai canja ba, amma ya ragu da ka taɓa ƙarfen bakin jak, ramin da ake soka kabul, wayar jakin ta tsinke ko fenti ya raba ta da ƙarfe. Kwance jakin, ka kankare tsatsa a ƙasansa, ka baza bakin wayar, ka mayar. In ƙugin ƙaruwa yake yi da ka taɓa, wani ya sauya wayoyi biyu na jak, mas ta koma wurin sauti. Wannan yana yawa a jitocin da suka bi hannu da yawa.

Sai gwaji na biyu. Rufe dogon mikoro gaba ɗaya, ka bar mai gida biyu. Wannan tsarin Fender ta fito da shi a bas ɗin Precision tun 1957, gidajen biyu an naɗe su saɓanin juna don su kashe ƙugin kuran. In shi kaɗai ya yi shiru, dogon ne ke ɗauko ƙugi, kuma halinsa ke nan, naɗi ɗaya gare shi. Za ka ji ƙarar tana canjawa in ka juya jikinka, ko ka matsa kusa da ampili, fanka, ko dogon ƙwan neyon. Irin wannan rufi ba ya kashe shi duka. Ko ka riƙa rage dogon, ko wata rana ka canja shi kaɗai da mai naɗi biyu.

Rufin rami ba shi da tsada. Salatif na jan ƙarfe ya fi, don yana karɓar dalma. In babu, takardar alminiyom ta kicin da gam sun isa, sai dai ita ba ta kama dalma, dole ka danne wayar mas a jikinta da ƙaramin bis. Rufe ƙasa da bangon ramin da bayan murfi, fallaye su hau juna, ka bar ɗan leɓe ya fito saman rami don ya taɓa na murfi. Auna da mitar awon wuta daga kowane lungu zuwa ƙarfen jak, ta yi ƙara. Rufin da bai haɗu da mas ba aikin banza ne. Abin da ke faruwa da mutane: sun rufe, sun haɗa, sauti ya ɗauke ɗif. Ƙafar maɓallin murya ce ko harshen jak ya taɓa rufin. Sa salatif baƙi a wurin.

Maɓallan da ke ƙarar yashi in ka juya su, ƙura ce. Fesa musu maganin wanke wayoyin rediyo ta ƴar kafar baya, ka juya su gaba da baya sosai. Ban da man inji, ban da fetur. In sun mutu, nemi 250K, zai fi kyau masu harafin A. Auna ramin kafin ka saya: ƙananan na Asiya wajen milimita 8 suke so, na kamfanin CTS kuwa 9.5, sai an faɗaɗa. Kondansatar tono, wadda ke jikin maɓallin sauya launin sauti, a duba lambarta: 473 ita ce ta yau da kullum, 104 ta fi duhu. Ta teburin mai gyaran rediyo aiki ɗaya take da wadda ake tallatawa da tsada a intanet. Ƙarfen dalma mai wat 40 ya dace. Mai wat 25 ba ya iya ɗumama bayan maɓalli da sauri, sai ka daɗe kana dannawa har cikin ya ƙone. Kankare wurin tukuna, ka shafa dalma a waya da wurin daban-daban, sannan ka haɗa.

Magana ɗaya ba ta wasa ba: tsirkiyoyinka a haɗe suke da jikin ampili ta kabul. Gidaje da yawa furiz ɗinsu rami biyu ne, babu wayar ƙasa. In ka ji tsirkiya tana tsikarinka, ko makirufo ya ja leɓenka, zare fish nan take ka kai ampilin wurin mai gyara.

Sono Wadata:

Na yarda da maigida Mai Dalma, amma in ni aka tambaya inda jikka 80 za su, ampili ne. Tsirkiyar Mi tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa. Ƙaramin lasifikan ampilin jita, mai akwati buɗaɗɗe ta baya, ba a yi shi don wannan ba. A ƙasa-ƙasa zai jure, ka buɗe shi ya fara ɓarɓar, wata rana takardar ta yage. Ko mikoro na miliyan ka sa, ta wannan ƙofar zai fita.

Na ɗaki, wat 25 zuwa 40 da lasifika mai inci 8 ko 10 ya wadatar, irin Fender Rumble 25 ko 40. In akwai mai ganga ko kalangu a gefe, ƙasa da wat 100 da inci 12 ko 15 ba za a ji ka ba. Nemi wanda ke da mafitar kas ta kunne saboda dare, da mafitar da ake kai wa mikisa saboda ranar da za a kira ku biki.

Wurin sayen na hannu, juya bayansa ka karanta. Wutarmu 220 ce. Kayan da suka fito daga Amurka da yawa 120 ne, ka soka su kai tsaye sun tafi. Buɗe gidan fiyus ka gani, in ka tarar an naɗa waya a madadinsa, ka san ya taɓa ƙonewa kuma ba a nemi dalili ba. Je da bas ɗinka, ka kaɗa Mi a sake da ƙarfi, ka saurari ko akwai karkarwa. Ka bar shi a kunne ya yi zafi, wasu sai sun ɗumama suke nuna hali. In da gurup, wato janareta, za ka yi aiki, sa regilata a tsakani, kuma kada ka kunna ampili sai injin ya daidaita. Mai son ƙara bafil, wato akwatin lasifika, ya kula da lambar om da ke jikinsa: biyu masu 8 a haɗe gefe da gefe sun zama 4, biyu masu 4 sun zama 2, ampili da yawa ba sa ɗaukar haka.

Kabul ma a duba. Mita 3 zuwa 5 mai saƙar rufi a ciki. Rabin ƙugin da ake ɗora wa jita daga kabul ɗin da mas ɗinsa ya tsinke a bakin fish yake.

Baban Bas, Yamai:

Sono, ban ƙi ba, amma a cire kuɗin tsirkiya kafin ampili. Saiti 45, 65, 85, 105 shi ne tsaka-tsaki ga bas mai tsawon inci 34, wato milimita 864 daga matashin sama, inda tsirkiyoyi ke hawa a saman wuya, zuwa jaki. Auna naka daga matashin sama zuwa firet na 12 ka ninka biyu, don akwai gajeru masu inci 30. Wurin sawa, lanƙwasa tsirkiyar kafin ka yanke, ka bar santimita 8 zuwa 10 bayan kunnen ɗauri, ta yi naɗi kamar uku, kowane ƙarƙashin na baya. Tsofaffin kada ka yar. Tafasa su minti 10 zuwa 15, ka busar sarai, za su farfaɗo na ɗan lokaci, kuma ga ajiya ranar da ɗaya ta tsinke. A Tawa ba ko'ina za ka samu guda ɗaya ba.

Da zufar watan Afrilu da Mayu, goge tsirkiyoyi da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa. Kada jita ta yini cikin mota ko jingine da bangon ɗakin kwano. In katakon firet baƙi ne marar fenti, ɗigo kaɗan na man farafin na famasi sau ɗaya ko biyu a shekara, a goge rarar. Man gyaɗa yana ɗoyi ya yi danƙo.

Ɗan Ader, Tawa:

Allah shi saka da alheri, manya. Na gwada: mai gida biyu shi kaɗai shiru yake, dogon ne ke ƙugi. Amma sautinsa ma ya fi rauni sosai. Ya mutu ne? In haka ne wane zan yi oda?

Mai Dalma, Katako:

Ba lallai ba ne, ƙanena. Kusa da jaki tsirkiya ba ta kaɗawa da faɗi, don haka dogon kullum ya fi rauni. Fara da tsawonsa. Danne tsirkiya a firet na ƙarshe, tazarar ta da kan mikoro ta zama wajen milimita 3 a Mi, 2 zuwa 2.5 a Sol. Sau da yawa soson da ke ƙarƙashinsa ne zafi ya cinye, ka sassauta bis amma ba ya tasowa. Yanko sabon soso mai tauri ka sa. Kada kuma ka kai shi dab da tsirkiya, maganaɗisu zai riƙa jan ta, murya ta yi rawa.

In har yanzu da shakka, sa mita a kan om, ka auna wayoyinsa biyu bayan ka cire ɗaya daga maɓalli. Dogo mai lafiya yakan ba da dubu 6 zuwa 8. In mita ba ta motsa ba, naɗin ya tsinke. Lambar ba ta nuna daɗin sauti, rai kawai take nunawa.

In ka zo oda, auna ramin da santimita tukuna. A tsarin Jazz na Fender dogon na jaki wajen milimita 95 ne, na wuya 92, kuma jitocin da ba su da suna sukan sa gajeren a jaki. Duba nisan kunnuwan bis da tazarar tsirkiyoyi, galibi milimita 19. Ɗauki hoton wayoyin kafin ka cire ko ɗaya. In ka haɗa sabon, ka buɗe mikoro biyu tare, sauti ya zama siriri babu gindi, wayoyinsa biyu ne za ka sauya wa wuri.