Gona, gandu ko rinji? Neman kalmar "plantation"

Jama'a, salamu alaikum. Wata kalma ta tsaya mini a wuya.

Ina rubutu ne kan Kiristofa Kodrinton, Baturen da ya yi gwamnan tsibiran Liwad na Karibiyan, ya rasu a tsibirin Barbados, shi ma a Karibiyan, a 1710. A wasiyyarsa ya bar wa kwalejin All Souls ta Oksfod littattafansa da fam 10,000, ya kuma bar wa ƙungiyar yaɗa bishara ta cocin Ingila "plantation" biyu, da sharaɗin kada bayin da ke ciki su gaza 300. To, me zan kira wannan abu da Hausa?

Da farko na rubuta "gonar rake". Da na sake karantawa sai na ji kamar ta wani dattijo ce a fadama, yana sara yana kai wa kasuwa. Mutum ɗari uku sun ɓace a cikin kalmar. Alhali daga baya har ƙarfe aka riƙa ƙonawa ana buga wa bayin nan sunan ƙungiyar a ƙirji.

Wani malami daga Zariya ya ce: "Ɗan'uwa, ai muna da rinji, me ya kai ka nesa?" Allah ya ƙara sani, Malam, ka ɗauko mai nauyi. Sai dai rinji ƙauyen bayi ne, wurin zamansu. Abin da ke Barbados kuwa ya haɗa fili da wurin matsar rake da ɗakin dafa sukari, ana loda wa jirgi zuwa Ingila. Rinji ya kama mutanen, ya saki sana'ar.

Wata yayarmu daga Kano ta kawo gandu, ta tuna mana da gandayen sarki irin na Fanisau, inda bayi suka yi noma. Nan take wani ya tare ta: gandu ai shi ne gonar gida da uba da 'ya'yansa ke nomawa tare, ga kuma gandun daji da yara suka fi sani yanzu. Gaskiyarsa. Amma Yaya, ni na bi bayanki, don gandu kaɗai ke ɗauke da girman fili da aikin da ake yi wa mai gida. Abin da ya rage a faɗi su wa ke aikin.

Saboda haka na tsaya a kan "gandun bayi", jam'i "gandayen bayi". In ana son a ambaci amfanin gonar, a ce "gandun bayi na rake".

Jimlar ta koma haka: Kodrinton ya bar wa cocin gandayen bayi biyu a Barbados, cocin kuwa bai nemi gafara kan wannan ba sai a 2006.

Mutanen Damagaram da Sakkwato, a bakinku yaya ake cewa?