Fuka da ƙiba: maganin shaƙa ya ƙi yi wa yarona aiki

Mai tambaya, unguwar Talaje, Yamai: Salamu alaikum 'yan uwa. Yarona shekara 9, kilo 48, fuka ke damunsa. Lokotoro ya ɗora shi kan Bécotide safe da dare, Ventoline in ta taso. Iri ɗaya suke shaƙa da ɗan maƙwabciyata, shi ya ji sauƙi, nawa kuwa da hunturu ya shigo sai ƙirji ya riƙa shewa, mu kwana zaune. Duk tashi sai an ba shi Célestène, ga ci kamar gara, wandon lakkol ya ƙi shiga. Kakarsa ta ce ƙiba ai lafiya ce. In ƙara masa shaƙar?

Wata malamar asibiti: Kada ki ƙara, kada ki rage, sai lokotoro ya gan shi. Abin da kika lura da shi gaskiya ne. Binciken da aka fitar a Amurka a 2011, kan yara sama da 1,000, ya nuna masu ƙiba ba sa amfana da kortikoyid na shaƙa, wato maganin rage kumburi irin Bécotide, kamar sauran. Kitsen ciki yana danne huhu, numfashi ba ya sauka ƙasa sosai, kuma kumburin da ƙiba ke kawowa ba ya jin wannan magani yadda ya kamata. Célestène kuwa shi ma kortikoyid ne, amma na sha, jiki duka yake bi. Shi ke buɗe ciki in ana maimaitawa. Ƙiba ta taso da fuka, maganin fuka ya ƙara ƙiba. A auna tsawonsa da nauyinsa, ki faɗa wa lokotoro sau nawa ya sha Célestène bana.

Uwar biyu, Bukoki: Yaya, kai tsaye yake fesawa a baki? Mafi yawan maganin a baki da maƙogwaro yake tsayawa. Ki nemi bututun shaƙa na yara a farmasi, kuma ya kurkure baki bayan Bécotide.

Wani uba, Harobanda: Hajiya, a lallaɓa Kaka, amma a janye lemun kwalba da fanke. Kada a hana shi ƙwallo don tsoro.

Malamar asibiti: Ƙwallon dai, in ba ranar da ƙura ta rufe gari ba. Turaren wuta kuma a fitar da shi daga ɗakin kwanansa. In ya kasa haɗa magana saboda haki, ko leɓe ya sauya launi, asibiti nan take.

Mai tambaya: Kai tsaye yake fesawa wallahi. Gobe in sha Allahu za mu koma. Turaren ne za a sha daga da Kaka.