Shirun Haruna da kukan Yesu: musayar waƙa

Katikis na Garwa: Bayan Misar tunawa da matattu ta 2 ga Nuwamba muka karanta Littafin Firistoci sura 10, labarin mutuwar 'ya'yan Haruna firist, a zumuntar unguwa. Ga baitina:

Nadab da Abihu sun kai wuta baƙuwa,
Gaban Ubangiji nan take suka sha mutuwa,
Musa ya ce tsarkin Allah ba ya gushewa,
Haruna uba ya yi shiru, bai tanka kowa,
Mai makoki, riƙe shirun nan, shi ne girmamawa.

Iya Marwa:
Malam, ka iya shiru don ba ɗanka aka ɗauka,
Ni na wanke nawa, na naɗe shi, na miƙa,
Yesu a kabarin Li'azaru ai ya yi kuka,
Shi ne Mai Tsarkin, ko ka fi shi sanin doka?

Ɗan Yagwa: Iya ta gama magana! Mutanen Marwa ba a ja da ku a baiti. Garwa sai a sake shiri.

Katikis na Garwa: Iya, Allah ya ji ƙansa, ya ba ki haƙuri.

Ban ce kuka laifi ba ne a duniya,
Aya ta shida ta bar Isra'ila su yi makoki gaba ɗaya,
Firist kaɗai aka hana saboda man keɓewa da ke kansa, ba don ƙiyayya,
Kin ji rabin zance kin juya mini baya.

Mai Aruli, Ngaundere: Malam, ƙafiya ta zauna amma kari ya karye. Ɗangonka na uku ya kai tsawon jirgin ƙasan Yawunde.

Ɗan Yagwa:
Ana zancen kabari kana ƙirgen gaɓa,
Kai da ko ƙwar biyu ba mu ga ka taɓa.

Mai Aruli, Ngaundere: Waƙar da aka yi wa Mai Tsarki ba a kai masa ita gurguwa. Ita ma hadaya ce.

Ɗan Yagwa: To kawo taka mu auna.

Mai Aruli, Ngaundere: Sai ka fara gyara ɗangonka na biyu, "taɓa" me? Ka bar shi a rataye.

'Yar Njamena: Yanzu na samu intanet. Yayyena, ku bar faɗan nan, Iya na karantawa.

A shekarar da Sarki Uzziya ya rasu,
Ishaya ya ga serafim suna rufe fuskokinsu,
"Mai tsarki" sau uku ya fito daga bakinsu,
Mu ma a Misa muna rerawa tare da su,
Da hawaye a ido, ba wanda ya ce mu share su.

Ɗan Tokombere: Ƙanwata kin yi kyan kai. Ku ƙara da Baba Simon namu, firist ɗin da ya yi hidima a Tokombere, wanda ya rasu a 1975, Paparoma Francis kuma ya tabbatar da nagartarsa a 2023.

Ya hau duwatsunmu ƙafarsa ba takalmi,
Gidan mai makoki zama yake, ba dogon ilimi.

Iya Marwa: 'Yata ta Njamena, Allah ya yi miki albarka. Malam, na karanta surar har ƙarshe yadda ka so.

Haruna ya buɗe baki a aya ta sha tara,
Naman hadaya ya kasa ci, zuciya na zafi har yanzu ba ta sarara,
Musa ya ji dalilinsa, ya yarda, bai ƙara,
Me ya sa ka tsaya a ta uku, ka bar mana saura?

Ina jiran amsarka, Malam, kuma a baiti.