Karfasa sun cika min kududdufi amma sun ƙi girma

Baban Khalifa, Dadin Kowa:

Assalamu alaikum. Jama'a a taimaka min da shawara. Bara bayan babbar sallah na haƙa kududdufi a bayan gonata, taku goma sha biyu a tsaye, takwas a kwance, na zuba 'ya'yan karfasa 200 da na saya hannun wani masunci a bakin dam. Watannin farko sai son barka, kullum ƙara faɗi suke yi, har na fara lissafin kuɗin da ban kama ba.

Jiya muka ja taru ni da yarona. Kifi kam kamar ƙasa, ba ya ƙirguwa, amma akasarinsu ba su fi yatsu biyu faɗi ba. Na kama wata 'yar mitsitsiya da ba ta wuce tsawon yatsana ba, na matsa bakinta, sai ga ƙwai fal a ciki. Wannan har ta zama uwa! Mai suyar da na kira ta duba kwandon ta ce sai dai in kai wa masu kaji. Kuma ban rage musu dusa ba. Da asuba in na leƙa sai in tarar sun taso saman ruwa suna ta buɗe baki.

Me ya jawo haka? Kuma dam ɗin da aka kamo su, shekara da shekaru suna haihuwa a ciki, me ya hana shi cika kamar nawa?

Kawu Mai Birgi:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ai kai ka raba su da maƙiyansu. A cikin dam, ɗan karfasa daga barin bakin uwarsa tarwaɗa na jiransa, zalɓe na tsaye a bakin gaɓa, guza na nan, mu ma muna nan da birginmu. Ga rani ya zo ruwa ya janye. Ɗaya-ɗaya ke kai labari. Kai kuwa ka katange su, ka ba su abinci, ka hana kowa taɓawa. To me za su yi in ban da haihuwa?

Malamin Bayoloji, Gombe:

Kawu ya gama magana, ni dai zan ƙara da lissafi. Karfasa macen ce ke riƙe ƙwai a baki har ya ƙyanƙyashe, shi ya sa asararta kaɗan ce. Tana fara haihuwa tun tana wata biyar zuwa shida, tana zuba ɗaruruwan ƙwai a lokaci guda, kuma a ruwa mai ɗumi irin namu ba ta daɗewa take sakewa. Abin da ke ruɗar mutane shi ne ba ƙaruwa suke yi ba, ninkuwa suke yi. 200 su zama 400, su zama 800, su zama 1,600. In aka yi irin wannan ninki biyu-biyu har sau goma, an haura 200,000. Da farko ba ka lura, sai rana guda ka tashi ka ga wuri ya cika.

Amma babu halittar da ke ninkuwa har abada. Kowane wuri yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam, Verhulst, ya rubuta wannan tun 1838: yawa yakan tashi a hankali, ya zabura, sannan ya lafa idan ya kusanci wannan iyaka. Kududdufinka ya kai tasa. Dusar da kifi 200 ke ƙoshi da ita yanzu dubbai ke wawaso a kanta. Kashinsu yana ɓata ruwan. Tasowar da suke yi da asuba kuma iska suke nema, don koren da ke cikin ruwa da rana ne yake samar da oksijin, da dare shi ma sha yake yi, sai ya zama daf da fitowar rana ruwan ya fi ƙarancin iska. Karfasa kuwa tana da wata ɗabi'a: in wuri ya matse ba ta daina haihuwa, girman take dainawa.

Kuma ba kullum ake lafawa cikin lalama ba. A 1944 an saki wasu barewar ƙasashen sanyi guda 29 a tsibirin St. Matthew da ke Alaska ta Amurka, inda babu naman dajin da zai ci su. A 1963 sun kai kusan 6,000, sun cinye gansakukar da suke kiwo a kai. Sai muguwar hunturu ta zo musu a kan yunwa. Da aka koma a 1966, 42 aka tarar. Alhaji, ranar da aka wuni da hadari rana ba ta fito ba, koren bai samar da isasshiyar iska ba, ka kwana da shirin mutuwar kifi.

Maman Ilham, Bauchi:

Malam ka kai mu har Alaska, bawan Allah kuwa kifinsa na can na haki. Baban Khalifa, ni ma ta taɓa ci na a shekarata ta farko, wata safiya na kwashe matattu bokiti uku. Kada ka ƙara abinci, ruwan za ka ƙara kashewa. Ka fara rage su sosai, ƙananan a shanya a niƙa a haɗa da abincin kaji, ba asara ba ce. Ka sauya wani kaso na ruwan. Sannan ka zuba tarwaɗa 'yan kaɗan, waɗanda bakinsu zai ɗauki sababbin 'ya'ya amma ba zai ɗauki manyan ba. Kada ka cika su, in ba haka ba ka koma kiwon tarwaɗa ba da niyya ba.

In za ka sake zubi, nemi maza zalla. Sun fi saurin girma, kuma babu haihuwa. Ana iya tantancewa da ido in sun ɗan tasa, amma mace biyu-uku in suka sulale maka an dawo gidan jiya.

Baban Khalifa, Dadin Kowa:

Allah ya saka da alheri. Wato zalɓen da na sa yara suna jifa tun bara, ashe aiki yake taya ni. Hajiya, a girman kududdufin da na faɗa, tarwaɗa nawa kike ganin zan fara da su? Akwai su bakin dam ranar kasuwa, kuma injin ban-ruwan maƙwabcina yana nan, gobe da sassafe zan fara jan ruwan.