Maiƙo ko sukari: wanne ke ƙibar da ɓerayen gwaji?

Malam Nura: Ni dai matsayina, a ɓerayen ɗakin gwaji maiƙo ne ke kawo ƙiba, sitaci da sukari ana ɗora musu laifin da ba nasu ba. Ku dubi aikin da ayarin masanin kimiyya John Speakman ya fitar a 2018: abinci iri 29, mako 12. An juya furotin daga kashi 5 zuwa 30 na kalori, sukari ma haka, kitsen jiki bai gusa ba. Da aka ƙara mai kuwa, ɓeraye suka ci fiye da kima, teɓa ta yi ta hawa har mai ya kai wajen kashi 60.

Dakta Hadiza: Malam Nura, ka faɗi rabi. Sukarin nan a cikin busasshen abinci aka kwaɓa shi. Ayarin da ka ambata ya sake gwaji da sukari a ruwan sha, ɓeraye kuwa suka yi ƙiba. Ɓera yana rage cin abinci idan ya sha zaƙi, amma ragin ba ya biyan abin da ya shiga ta kwalba.

Malam Bashir: Kafin ku yi nisa, da me ake kwatantawa? Nan gizo ke saƙa. Masu bincike da yawa suna ba rukuni ɗaya abincin gwaji mai lamba D12492, wanda kashi 60 na kalorinsa mai ne, galibinsa kitsen alade, ɗaya rukunin kuma abincin hatsi na yau da kullum mai cike da dusa. Wannan ba mai kaɗai aka canza ba: dusa ta canza, tushen furotin ya canza, ƙwayoyin halittar da ke cikin hanji ma haka. Ko tataccen abinci mai ƙarancin mai sai an lura. Irinsa mai lamba D12450B na ɗauke da sukari kashi 35, alhali D12492 wajen kashi 7 ne. Abokin gwamin D12492 na gaskiya shi ne D12450J, mai ƙarancin mai da sukari daidai da nasa. Sannan giram ɗaya na abinci mai maiƙon kalori 5.2 ne, na mai ƙarancin man 3.8. Loma ɗaya ce a ido, amma ba ɗaya ba ce a jiki.

Malam Nura: Ai maganata kenan. Mai na tara kalori a ɗan wuri, ga daɗin baki.

Dakta Hadiza: To me ya sa ɓeran da aka ba abincin kito, wanda mansa ya haura kashi 90 kuma kusan babu sitaci, ba ya ƙiba? Sai mai ya haɗu da sitaci yake ɓarna.

Malam Bashir: A yi hattara da wannan, Dakta. Yawancin abincin kito na ɓeraye furotin ɗinsa ya yi ƙasa ƙwarai, wani kashi 5 kacal, kuma ƙarancin furotin shi kaɗai yana ƙara ƙona kalori. Hanta ma takan tara kitse. Ba a ce wa wannan lafiya.

Malama Zulai: Abin da ke ɓata awo tun daga keji yake farawa. Abinci mai maiƙo laushi gare shi, yana marmashewa ya faɗa cikin shimfiɗa; wanda bai tsince ya auna ba zai rubuta cewa an ci abin da ba a ci ba. Yana kuma saurin lalacewa, sai an riƙa sauya shi a kai a kai. Ga zafin ɗaki: ana ajiye su a digiri 20 zuwa 22, alhali sai wajen 30 ɓera ke daina ƙona abinci don ɗumama jiki. Sikeli kuma nauyi yake faɗa, ba kitse ba.

Malam Nura: Duk da haka namijin ɓera jinsin C57BL/6J, ba shi mai, zai ƙiba.

Malama Zulai: Shi ɗin, e. Tamatarsa ba ta saurin ƙiba kamarsa, jinsin A/J kuwa da ƙyar. A ɓerayen Sprague-Dawley, kan abinci ɗaya, wasu su yi teɓa wasu su ƙi. Kuma a 2012 ɗakin gwajin Satchin Panda ya taƙaita wannan abinci mai maiƙo zuwa awa 8 na dare: kalori kusan ɗaya, ƙibar ba ta zo ba. Wane rukuni za ka saka waɗannan, Malam Nura?