Neman shawara (Disamba 2024): in sayi tikiti yanzu domin ɗana ya ga Kershaw, ko in dakata?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyar wasan besbol. Ina zaune da iyalina a jihar Ohio, kuma ina goyon bayan ƙungiyar Los Angeles Dodgers tun 2011, shekarar da Clayton Kershaw ya fara lashe kyautar Cy Young, wadda ake bai wa gwarzon masu jifa. Ɗana na fari yana da shekara goma sha ɗaya, bahago ne kamar Kershaw, yana jifa a ƙungiyar yaran unguwarmu, har ma yana kwaikwayon yadda mutumin ke ɗaga hannuwa sama kafin ya saki ƙwallo. Tun bara na yi masa alkawarin zan kai shi filin Dodger Stadium ya gan shi da idonsa kafin ya yi ritaya. Na tara kuɗin jirgi da na masauki, amma a wurin aikina dole mutum ya rubuta ranakun hutunsa tun watan Janairu.

Abin da ya dame ni shi ne halin da ake ciki a wannan Disamba ta 2024. Kershaw ba shi da kwantiragi, domin ya ƙi karɓar zaɓin ƙarin shekara guda da ke cikin tsohuwar yarjejeniyarsa. A watan Nuwamba an yi masa aiki a gwiwa da kuma babban yatsan ƙafarsa ta hagu, ga shi zai cika shekara 37 a watan Maris. Sannan ƙungiyar ta ɗauko Blake Snell, shi ma bahago, a kan dala miliyan 182 na tsawon shekara biyar. Wani abokin aikina ya ce wannan alama ce ƙarara cewa an sallami Kershaw cikin mutunci. Shin ku ma haka kuke gani? Idan zai dawo, a wane wata ya kamata in nemi hutu? Kuma ina so ku gaya mini gaskiya: ya dace in kai yaro ya ga gwaninsa a lokacin da ƙarfinsa ya ragu, ko kuwa hakan zai ɓata masa kyakkyawan hoton da ke zuciyarsa?

Amsar wani dattijo mazaunin Los Angeles

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka kwantar da hankalinka game da shirun da kake ji, domin shirun yana da dalili a cikin dokokin MLB, babbar gasar besbol ta Amurka. Kowace ƙungiya tana da rajistar mutum 40, kuma a lokacin hutun kaka babu jerin masu doguwar jinya na kwana 60, sai an buɗe sansanin atisaye a watan Fabrairu ake dawo da shi. Idan Dodgers suka sanya hannu da Kershaw yau, zai tare gurbi ɗaya a rajistar har tsawon wata biyu ba tare da ya jefa ƙwallo ko ɗaya ba, wataƙila ma a tilasta musu sakin wani matashi. Idan kuwa suka jira har a taru a sansaninsu na Arizona, sai su sa hannu da shi, su mayar da shi jerin masu jinya, gurbin ya koma ga wani. Haka aka yi a farkon wannan shekarar: an yi masa aikin kafaɗa a Nuwamban 2023, ba a ƙulla yarjejeniya ba sai Fabrairun 2024.

A shekarun baya an sha raɗe-raɗin zai koma Texas Rangers saboda gidansa da iyalinsa suna Dallas, kuma ni kaina na taɓa jin tsoron haka. Bana wannan magana ta mutu. Ina cikin taron murnar kofin World Series da Dodgers suka ci, a ranar 1 ga Nuwamba, kuma a gaban jama'a ya bayyana cewa shi ɗan Dodgers ne har ƙarshen rayuwarsa. Mutumin da ya yi kaka 17 a riga ɗaya, kuma saura masa korar masu bugu 32 (wato fitar da mai bugu ta hanyar sa shi ya kuskure jifa uku) ya kai 3,000, ba na jin zai ajiye ƙwallo yanzu. Abin da kawai zan hana ka shi ne neman hutu a Afrilu. Ba za ka same shi a tudun jifa a lokacin ba.

Amsar wani mamba daga Houston

Baba, ina tare da ku cewa zai dawo, amma Malam ya nemi a gaya masa gaskiya, don haka zan faɗi abin da nake gani ko da bai yi daɗi ba. Ni da a ce ina da ta cewa, da na roƙi Kershaw ya huta. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Rabonsa da buɗe wasa 30 a kaka guda tun 2015, shekarar da ya kori masu bugu 301, kuma tun 2016 ciwon baya yake tashi yana kwanciya. A 2024 bai dawo ba sai ƙarshen Yuli, ya buɗe wasa bakwai kacal, ya yi zagaye 30 (wasa guda zagaye tara ne), matsakaicin makin da aka ci a kansa a duk zagaye tara ya kai 4.50, alhali matsakaicinsa na tsawon rayuwa 2.50 ne. Jifarsa mai gudu, wadda a da take kai mil 93 zuwa 94 a awa, yanzu da ƙyar take taɓa 90. Ban manta da wasan farko da ƙungiyar Arizona a wasannin neman kofi na Oktoban 2023 ba, lokacin da aka ci maki shida a kansa, ya fitar da mutum ɗaya tak aka cire shi. A daren nan na kashe talabijin saboda na kasa kallonsa zaune shi kaɗai ya sunkuyar da kai.

Mun ga yadda neman cika adadi yake ƙarewa. Adam Wainwright na St. Louis ya ci gaba da wasa a 2023 yana da shekara 41 domin ya kai nasara 200. Ya kai, amma matsakaicinsa na kakar ya wuce bakwai, kuma masoyansa sun sha wahalar kallo wata bayan wata. Sandy Koufax kuwa, bahagon da ake auna Kershaw da shi, ya yi ritaya bayan kakar 1966 yana da shekara 30, da nasara 27 a hannunsa, saboda ciwon gwiwar hannu. Har yau babu wanda yake da hoton Koufax yana fama. Malam, idan za ka kai yaron, ka shirya masa zuciya tukuna.

Amsar wata 'yar uwa daga Maryland

Yaya na Houston, alkalumanka daidai ne, amma ka ɗauki shekarar da ya yi wasa da rauni ka mayar da ita ma'aunin mutumin. Bahago da ƙafar hagu yake tunkuɗa jikinsa daga tudu, kuma a babban yatsan wannan ƙafar ne ƙashi ya tsiro masa har ya fita daga wasa a ƙarshen Agusta. Wanda ba zai iya dogara da yatsan ba, ba zai iya kai ƙwallo inda yake so ba, komai gwanintarsa. Ka duba 2023, lokacin da kafaɗar ma ta fara ba shi matsala: nasara 13, rashin nasara biyar, matsakaici 2.46. Ya daɗe da daina dogara da gudu. Silaidarsa (jifar da ke zamewa gefe) da jifarsa mai lanƙwasa, da sanin raunin kowane mai bugu, su ne makamansa yanzu, kuma waɗannan ba sa tsufa da wuri kamar ƙarfin damtse.

Misalin Koufax ma bai zauna mini ba, domin likitancin 1966 daban yake da na yau. Justin Verlander ya dawo daga aikin gwiwar hannu ya lashe Cy Young a 2022 yana da shekara 39. Ban ce Kershaw zai yi haka ba, kuma na san shi ma Verlander ya sha wuya a 2024. Abin da nake cewa shi ne, ba mu da hurumin zaɓar wa mutum ranar da zai bar sana'arsa domin mu adana hotonsa a zukatanmu. Zuwa ƙarshen kakar 2024, masu jifa 19 ne kawai suka taɓa kai korar masu bugu 3,000 a tarihin gasar, bahagwai a cikinsu uku ne: Steve Carlton, Randy Johnson da CC Sabathia. Wanda ya kai 2,968 yana da haƙƙin ya ƙarasa.

Amsar wani mamba daga New York

Malam, ina so in amsa maganar abokin aikinka, domin ina ganin ya karanta sayen Snell a baibai. Ka tuna yadda aka ci kofin bana. A lokacin da aka doke Yankees da wasa huɗu da ɗaya, masu buɗe wasa uku ne kawai suka rage wa kocin Dodgers, Dave Roberts: Jack Flaherty, Yoshinobu Yamamoto da Walker Buehler, sauran ranakun kuwa masu canji ne suka yi ta karɓa-karɓa daga zagayen farko har ƙarshe. Tyler Glasnow yana jinya, Gavin Stone an yi masa aikin kafaɗa, Kershaw yana zaune a benci. Yanzu Buehler ya tafi Boston, Flaherty yana kasuwa. Andrew Friedman, mai kula da ɗaukar 'yan wasan Dodgers, ya ga abin da ya faru, shi ya sa yake tara masu jifa fiye da guraben da ke akwai.

Idan ka jera sunayen a takarda, za ka ga kamar wuri ya cika: Snell, Yamamoto, Glasnow, Shohei Ohtani da ake sa ran zai koma jifa, Tony Gonsolin da Dustin May da ke dawowa daga jinya, ga kuma Roki Sasaki da ƙungiyarsa ta Japan ta ba shi izinin zuwa Amurka, kuma Dodgers suna cikin masu zawarcinsa. Amma ka sake duba jerin, ka nuna mini mutum ɗaya da bai yi jinya ba a shekaru biyun nan. Shi kansa Snell, duk da Cy Young biyu da ya ci a 2018 da 2023, a waɗannan shekaru biyun ne kawai ya kai zagaye 180. Bugu da ƙari, Yamamoto da Ohtani sun saba da hutu mai tsawo tsakanin wasa da wasa, don haka ana buƙatar mutum shida a jerin masu buɗewa. A ganina zuwan Snell alheri ne ga Kershaw, domin ya sauke masa nauyin da ya ɗauka shi kaɗai shekara da shekaru. Ba wanda zai matsa masa ya dawo kafin ƙafar ta warke. Inda nake da damuwa shi ne Oktoba, watan wasannin neman kofi: idan kowa yana da lafiya a lokacin, da wuya a ba shi buɗe wasa, kuma wannan zai yi wa masoyansa ciwo.

Ƙarin bayani daga dattijon Los Angeles

Ɗana, ga abin da zan yi da ni ne kai. Ka nemi hutu a Yuli ko Agusta, lokacin da yara ma suke hutun makaranta. Kada ka sayi tikitin shiga fili yanzu, domin ba a sanar da wanda zai buɗe wasa sai saura 'yan kwanaki. Ka zaɓi makon da ƙungiyar za ta yi wasa shida ko fiye a jere a gida, saboda a irin wannan makon kusan kowane mai buɗewa yana samun ranarsa, kuma tikitin jirginka ya zama wanda ake iya sauya masa rana. Ka kuma tuna cewa Dodgers suna zuwa Cincinnati kowace shekara, ga ta nan cikin jiharku, ka riƙe wannan a matsayin mafita ta biyu. Ku isa fili da wuri ku tsaya kusa da inda masu jifa ke ɗumama jiki. Yaro mai koyon jifa zai ƙaru da wannan rabin awar fiye da yadda zai ƙaru daga kujera mai nisa.

Mai neman shawara ya dawo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, bayaninku na rajistar mutum 40 ya warware mini abin da ya hana ni barci, domin ban taɓa sanin dokar ba. Ɗan uwa na Houston, maganarka ta yi mini nauyi, amma na yi aiki da ita. Jiya bayan sallar isha'i na zaunar da yaron, na nuna masa wasan 18 ga Yunin 2014 da Colorado, wanda Kershaw ya kori mutum 15 ba tare da an samu bugu ko ɗaya a kansa ba, sannan na nuna masa zagayen farko na wasan Arizona, na ce masa mutum ɗaya ne a duka biyun, kuma ban san wanne za mu tarar ba. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sai ya tambaye ni ko za a bar shi ya shiga da safar hannunsa ta kama ƙwallo. Na rubuta hutun mako guda a ƙarshen Yuli, kuma zan jira Fabrairu kafin in taɓa kuɗin jirgi. Idan akwai wanda ya san ɓangaren kujerun da ya fi kusa da wurin ɗumama jikin masu jifa na Dodgers, don Allah ya sanar da ni.